Yadda ake cin markaɗaɗɗen abinci bayan tiyatar rage ƙiba

Wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba yakan yi mako 1 zuwa 2 yana kan ruwa-ruwa zalla: romo, madara, da abin sha mai furotin, wato sinadarin da ke gina jiki. Kafin kwanakin su cika baki ya gaji, ido ya fara bin farantin kowa da kallo. Shi ya sa ranar da likita ya ce a koma markaɗaɗɗen abinci, mutane da yawa sukan ɗauka an ɗage musu takunkumi ke nan. Ba a ɗage ba, sassautawa aka yi. Ciwon da ke fatar ciki ya kame, amma na can ciki bai gama warkewa ba, kuma shi ne abin kula.

A tiyatar da ake tsuke tumbi, ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 nasa, a bar siririn bututu mai dogon layin ɗinki daga sama har ƙasa. A wadda ake karkatar da hanyar abinci kuwa, 'yar jaka ake warewa a saman tumbin, wadda ba ta wuce mililita 30 ba a farko, a haɗe ta da ƙaramin hanji kai tsaye. Ko wacce aka yi maka, wurin a kumbure yake, mashigar a tsuke take, ɗinkin kuma ɗanye ne. Tumbi mai lafiya shi ke murƙushe abinci ya dama shi kafin ya tura shi hanji. Naka a yanzu bai iya wannan aikin ba, don haka bilenda ce za ta yi masa. Ɗan guntun nama ɗaya da ya tsere wa markaɗe zai iya tokare mashigar ya jawo amai, amai kuma yana takura wa ɗinki.

Kafin cokali na farko

Yawancin asibitoci sukan fara wannan mataki a mako na 2 ko na 3 bayan tiyata, ya ɗauki kamar mako 2, wasu su ja shi ya fi haka. Kowane likita yana duba irin aikin da ya yi ne da yanayin majinyacinsa. Saboda haka duk inda wannan rubutu ya saɓa wa takardar da aka sallame ka da ita, takardar za ka bi. Kada kuma ka ciyar da kanka gaba don ka ji wani da aka yi muku aiki rana ɗaya ya riga ya fara cin ƙwai. Alamar ka shirya ita ce ruwa yana shiga yana zama, ba amai, ba ciwo mai tsanani, kuma kana iya shan abin da ya kusa lita 1.5 a wuni. Wanda har yanzu ruwa ke ba shi wahala, ya fara sanar da likitansa kafin ya taɓa abinci.

Kayan aikin ba su da yawa. Bilenda ce kan gaba, kuma ƙarama ta fi, domin abin da za ka markaɗa bai taka kara ya karya ba: a babbar bilenda sai ya fantsama ya manne a jikin kofin, wuƙar tana ta juyawa a banza. Sai rariya mai ƙananan huda, cokalin awo (babban cokali 1 mililita 15 ne), ƙaramin faranti, cokalin shayi da za ka riƙa ci da shi, tiren ƙanƙara, da ɗan littafin rubutu. In da sikelin kicin, ya ƙara kyau. Kada ka yi awo da ido, don idon da ya saba da babban faranti zai ga cokali 3 kamar ba a zuba komai ba.

Laushin da ake nema

Irin na abincin da ake fara ba wa jariri ne: sumul, ba gudaji, ba zare, ba ɓawo, ba abin da haƙori zai yi aiki a kansa. Akwai gwaji biyu. Ɗebo a cokali ka karkata shi, ya kamata abincin ya zame a hankali ya faɗi. In ya tsiyaye ya yi ruwa da yawa, in ya manne ya ƙi sauka ya yi kauri. Sannan ka murza kaɗan tsakanin yatsu biyu. Da ka ji tsaki-tsaki ko zare, a mayar da shi bilenda. A kwanakin farko gara ya ɗan yi ruwa-ruwa, daga baya a riƙa rage romon sannu a hankali.

Dagargaza abinci da cokali mai yatsu ba markaɗe ba ne. Wancan na mataki na gaba ne, kuma nan ne mutane da yawa suke yin garaje.

Me ya cancanci shiga cokalin

A nan sai an ɗan yi lissafi. Jiki yana bukatar furotin don ɗinki ya haɗe, kuma in bai samu daga abinci ba, tsokarka zai ci. Wanda ya rage nauyi ta hanyar asarar tsoka zai wayi gari ba ƙarfi, hawa bene ma ya gagare shi. Shi ya sa ake son a samu aƙalla giram 60 na furotin a rana, wasu a ce musu 80 ko fiye, gwargwadon jikinsu. Ga shi kuma sabon tumbin babban cokali 2 zuwa 4 yake ɗauka a zama ɗaya da farko, kafin ya kai wajen 6. Wuri ne ɗan ƙarami, duk cokalin da aka cika da abin da ba ya gina jiki an yi asararsa.

Ƙwai 1 yana da wajen giram 6 na furotin. Dafaffen naman kaza giram 30 yana da 8 zuwa 9, dafaffen kifi mai wannan nauyi yana da 6 zuwa 7. Kofin madara mai mililita 250 yana da 8. Yogot mai kauri wanda aka tsane ruwansa yana da wajen 9 zuwa 10 a giram 100, dafaffen wake kuma 8 zuwa 9 a giram 100. In ka haɗa za ka ga ko ka ci sau 5 a rana, da ƙyar abinci kaɗai ya kai ka giram 40. Ragowar daga madara ko abin sha mai furotin zai fito, don haka kada ka ajiye su don ka fara cin abinci. Da sauran aikinsu.

Bayan furotin sai kayan lambu da suka dahu luguf, irin su karas da kabewa, sannan 'ya'yan itace masu laushi kamar nunanniyar ayaba ko dafaffiyar tuffa da aka fere, ba tare da an ƙara sukari ba. Dankali yana markaɗuwa da sauƙi kuma yana wucewa lami lafiya, shi ya sa yake da saurin zama abincin kullum. Ni dai shawarata a taƙaita shi, cokali 1 a gefen furotin ya isa.

Abin da za a bari tukuna: shinkafa, burodi da taliya, domin suna kumbura su dunƙule su yi danƙo ko da an markaɗa su. Haka masara, gyaɗa da duk wata tsaba, ɓawon 'ya'yan itace, ganye mai zare, soyayyen abu, yaji mai zafi, da duk abin da aka cika wa sukari ko zuma. Jan nama ma gara a jinkirta shi, zarensa ba ya mutuwa da sauƙi a bilenda.

Markaɗen kansa

Mu ɗauki kaza, ita ce ta fi ba mutane wuya. Cinya ta fi ƙirji dacewa domin ta fi danshi. Ƙirji in ya sha wuta sai ya bushe, in aka markaɗa shi ya fito da gari-gari mai tsayawa a maƙogwaro. Cire fata da kitse, ka dafa naman cikin ruwa da albasa da ɗan gishiri a kan wuta kaɗan har ya riƙa rabuwa da ƙashi da kansa. Kada a gasa, kada a soya. Sauke, ka zare ƙashi da guringuntsi da jijiyoyi da hannu, ka yayyanka naman ƙanana. Zuba a bilenda da sauran ɗuminsa, domin nama mai ɗumi ya fi mai sanyi markaɗuwa, amma ba yana tafasa ba, kada tururi ya cilla murfin ya ƙona ka. Fara da romo kaɗan. Kunna, kashe, kankare abin da ya manne a gefe, ƙara romo, sake kunnawa. Yakan ɗauki minti 2 zuwa 3 kafin ya yi sumul, kuma sau da yawa sai ka ga kamar ya yi alhali da saura. Daga nan ka zuba a rariya ka danna da bayan cokali. Abin da ya rage a saman rariyar, wannan zaren mai launin toka-toka, shi ne da zai tsaya maka a ƙirji. Zubar da shi ba asara ba ne.

Kifi ya fi sauƙi, kuma mutane da yawa cikinsu ya fi karɓarsa. A turara shi ko a dafa a romo, a ɓare shi da yatsu ana laluben ƙaya, a sake lalubawa karo na biyu. Bilenda ba ta narkar da ƙaya, gutsuttsura ta kawai take yi. Ƙwai a kaɗa shi da ɗan madara, a dafa a wuta kaɗan har ya nuna amma bai bushe ba, sannan a markaɗa. Kada ka yi mamaki in ya yi maka nauyi, yana cikin abubuwan da sabon tumbi yakan ƙi a farko ya karɓa daga baya. Wake a jiƙa shi, a cire ɓawon, a dafa har ya narke, a markaɗa a tace, kuma a fara da kaɗan don yana tara iska.

Kada ka haɗa komai a bilenda lokaci ɗaya. In aka zuba kaza da karas da wake tare, abin da zai fito ba launi ba ɗanɗano, kwana 3 ka ji ka tsani abinci. Markaɗa kowanne daban, ka jera su a faranti kowa da launinsa. Kuma a sa kayan ƙamshi: dafaffiyar albasa, tafarnuwa, 'yar citta, ganye masu ƙamshi. Bayan tiyata ɗanɗano yakan canza, abin da ka saba so ya koma yana tayar maka da zuciya, mai zaƙi ya yi zaƙi fiye da kima. Wannan sananne ne, kuma yakan lafa.

Don ƙara furotin ba tare da ƙara yawan abinci ba, dama babban cokali 1 na madarar gari marar kitse a ciki, yana ƙara wajen giram 2 zuwa 3. Garin furotin marar ɗanɗano ma yana yi, sai dai a bari abincin ya huce tukuna, don in aka zuba shi a mai zafi sosai dunƙulewa yake yi.

Ajiya

Ba wanda zai iya kunna wuta sau 5 a rana saboda cokali 3, balle mai jinya. Dafa da ɗan yawa, ka cika tiren ƙanƙara, in ya daskare ka juye a leda ko roba mai murfi, ka rubuta sunan abincin da kwanan wata. Auna rami ɗaya na tirenka da cokalin awo sau ɗaya, daga nan ka san ƙwaya nawa ce cin zama ɗaya. Markaɗaɗɗen abinci ya fi wanda ba a markaɗa ba saurin lalacewa, saboda haka kada ya wuce awa 2 a waje, kada ya wuce kwana 2 a firiji. In za a ɗumama, a bari ya yi zafi har tsakiya, a juya, sannan a jira ya huce. Wanda aka narkar ba a mayar da shi firiza. A riƙa kwance wuƙar bilenda ana wanke ƙarƙashinta, nan ne ragowar nama ke ɓuya. Gudawa da amai daga gurɓataccen abinci a wannan lokaci ba ƙaramin hatsari ba ne.

Yadda ake zaman cin

Wannan shi ne ainihin darasin waɗannan makonni, kuma da shi za ka ci gaba har bayan an daina markaɗe.

Daina shan ruwa minti 30 kafin lokacin ci. Zauna a miƙe a kan kujera, ba a kishingiɗe ba, ba a gaban talabijin ba, waya kuma a gefe. Auna babban cokali 2 a ƙaramin faranti ka mayar da ragowar firiji tun kafin ka fara, kada ya zauna a gabanka. Duba agogo. Ɗebi rabin cokalin shayi, ka juya shi a baki kamar mai tauna duk da ba abin taunawa, ka haɗiye, ka ajiye cokalin a kan faranti. Ajiye cokalin nan da gaske ake nufi, hannu ya rabu da shi. Jira minti 1 ko 2 kana sauraron abin da ke faruwa a ƙasan ƙirjinka, sannan ka sake ɗauka. Furotin za ka fara ci, in da sauran wuri ka taɓa kayan lambu. Zaman ya ɗauki minti 20 zuwa 30. In minti 30 ya cika da saura a faranti, tashi ka bar shi. Wanda ya saba jan cin abinci na awa guda yana tsakura, shi ne daga baya yake komawa ciye-ciye wuni zur, kuma ta nan nauyi yake dawowa.

Me ya sa ake wannan jinkiri? Tiyata ta taɓa jijiyoyin da ke kai saƙon ƙoshi, ga kumburi, don haka saƙon yakan zo a makare, kuma ba da irin muryar da ka sani ba. Ba za ka ji ciki ya cika irin na da ba. Abin da za ka ji shi ne ɗan matsi ko nauyi a ƙasan ƙashin ƙirji. Wasu shaƙuwa ce take zo musu, wasu gyatsa, wasu atishawa, wasu kuma hanci ne zai fara yoyo ba tare da mura ba. Koyi taka alamar, kuma da ta zo ka tsaya, ko da cokalin yana hanyar baki. Tazarar da ke tsakanin ƙoshi da azaba a wannan lokaci cokalin shayi 1 ce.

In ka zarce, za ka sani: zafi a tsakiyar ƙirji, yawu mai kumfa yana taruwa a baki, ji kamar abu ya tokare. Kada ka kora da ruwa, ba inda ruwan zai bi, amai zai ƙara jawowa. Tashi ka riƙa takawa a hankali, ka tofar da yawun, ka ba shi lokaci. Ko ba ka zarce ba, kada ka kwanta da zarar ka gama ci, musamman da dare, domin ƙwannafi yana yawan damun waɗanda aka tsuke wa tumbi.

Bayan ka gama, sai an ƙara minti 30 kafin ruwa. Dalili biyu ne. Wurin ba ya ɗaukar abinci da ruwa tare, sannan ruwa yakan wanke abincin ya tura shi hanji da wuri.

Ruwa

Ƙarancin ruwa a jiki yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane asibiti a makonnin farko, kuma a wannan mataki yana da saurin faruwa, domin hankali ya koma kan abinci. Ana son lita 1.5 zuwa 2 a rana. Duba yadda lokacin yake tafiya: in kana ci sau 5, kowane ci yana cinye awa 1 da rabi da ba ka shan komai, wato awa 7 da rabi ke nan. Cikin awa 16 da kake farke, awa 8 da rabi suka rage. Don ka kai lita 1.5 sai ka sha wajen mililita 30, babban cokali 2, duk minti 10. Ba za ka iya rama bashin safe da kwankwaɗa da dare ba, tumbin ba zai yarda ba. Don haka gora ta zauna a hannunka, kurɓi-kurɓi, ko kana jin ƙishirwa ko ba ka ji. In kana mantuwa, sa waya ta riƙa tuna maka.

Fitsari ne zai gaya maka gaskiya. In yana fita fari-fari ko rawaya mai haske, kana kan hanya. In ya yi duhu ya ragu, ga bushewar baki da ciwon kai da jiri in ka miƙe, ka yi baya. Wasu ruwan sanyi ne yake murɗa musu ciki, wasu mai ɗumi, gwada ka ga wanda ya karɓe ka. A guji lemo mai gas da giya, a bar shan abu da tsinken zuƙa don yana shigar da iska, kofi da shayi mai ƙarfi kuma a tambayi likita lokacin da za a koma musu.

Ga misalin wuni ɗaya. Ƙarfe 8 na safe, markaɗaɗɗen ƙwai 1 da ɗan madara. Wajen 10 da rabi, abin sha mai giram 20 na furotin, ana kurɓa a hankali. Ƙarfe 1, kaza giram 30 da cokali 1 na karas. Ƙarfe 4, yogot cokali 4 da aka dama wa madarar gari. Ƙarfe 7, kifi da ɗan kabewa. Da dare kafin lokacin barci ya gabato, kofin madara marar kitse. Jimilla ta kusa giram 60, madarar da abin shan kuma suna cikin lissafin ruwa. In ba ka iya cinye duka ba a kwanakin farko, ba laifi, a hankali ake hawa. Kada dai ka tsallake lokacin ci don ba ka jin yunwa. Bayan tiyata yunwa takan ɗauke, musamman ga wanda aka tsuke wa tumbi, domin ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke tayar da ita. Agogo za ka bi.

In ciki ya ƙi

Sabon abinci ɗaya ake gwadawa a lokaci guda, a rubuta a littafi: me aka ci, nawa, ƙarfe nawa, me ya biyo baya. In ka gwada abu 3 tare ciki ya murɗa, ba za ka san mai laifin ba. Wanda ya ƙi zama, a bar shi kamar mako 1 a sake gwadawa. In ka yi amai, koma ruwa-ruwa na wuni ɗaya don wurin ya huta, ka kuma tambayi kanka ko sauri ka yi, ko yawa, ko kauri, ko ruwa ka sha a kai. Yawanci amsar tana cikin huɗun nan.

Akwai wani yanayi da likitoci ke kira dampin, wato abinci ya kwarara cikin ƙaramin hanji da gaggawa. Ya fi samun waɗanda aka karkatar wa hanyar abinci, amma sauran ma ba su tsira ba. Abu mai sukari ko maiƙo ne ya fi jawo shi. Minti 10 zuwa 30 bayan ci sai murɗar ciki, tashin zuciya, gumi, jiri, bugun zuciya da gudawa, domin sukarin ya janyo ruwa zuwa cikin hanji. Akwai kuma mai zuwa bayan awa 1 zuwa 3, inda jiki yake sakin insulin da yawa, wato sinadarin da ke rage sukari a jini, sai sukarin jini ya faɗi, mutum ya kama rawar jiki da gumi da kasala. Na farkon a kwanta har ya wuce, na biyun kuma a tabbata likita ya sani. Karanta jikin robar yogot kafin ka saya, masu ɗanɗanon 'ya'yan itace da yawa cike suke da sukari.

Taurin bayan gida ma ruwan dare ne, don abincin kaɗan ne, ruwan ma kaɗan. Ruwa, tafiya a ƙasa kullum, da ɗan markaɗaɗɗen wake ko kayan lambu suna taimakawa. In ya kai kwana 3 shiru, tambayi likita maganin da ya dace. Wasu kuma madara ce take fara sa su kumburi da gudawa alhali da ba ta yi musu haka. Sai a koma wadda aka cire wa sukarinta na laktos, ko ta waken suya marar sukari.

Bitamin da magunguna

Cokali 4 ba zai ba jiki duk abin da yake bukata ba, don haka bitamin da aka rubuta maka ba na ganin dama ba ne, kuma ga mafi yawan mutane na har abada ne. A wannan mataki akan ba da na taunawa ko na ruwa. Yawanci akwai haɗaɗɗen bitamin, B12, bitamin D, kalsiyam wajen miligiram 1200 zuwa 1500 a rana wanda ake rabawa kashi-kashi, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, musamman ga mata masu jinin al'ada. A raba kalsiyam da sinadarin ƙarfe da aƙalla awa 2, in an haɗa su ɗaya yana hana ɗaya shiga jiki.

Kada ka daka ƙwayar magani sai ka tambaya, akwai waɗanda aka yi su don su narke a hankali, daka su hatsari ne. Magungunan ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak suna iya jawo gyambo a sabon tumbi, a nisance su. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya riƙa aunawa a kai a kai, domin da abinci ya ragu haka, adadin maganin da ya saba sha zai iya yi masa yawa. Likita ne zai rage, ba kai ba.

Lokacin da ba a jira

Ka nufi asibiti nan take in bugun zuciyarka ya haura 120 a minti kana zaune, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ciwon ciki yana ƙaruwa, ko ciwo a kafaɗar hagu, ko numfashi yana sarƙewa. Waɗannan za su iya zama alamar ɗinki yana yoyo ko jini ya daskare a jijiya. Haka in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ka ga jini a amai, ko bayan gida ya fito baƙi ƙirin, ko ruwa ya ƙi zama wuni guda. Amai da ya ƙi tsayawa yana da wani hatsarin daban: ajiyar bitamin B1 a jiki ta 'yan makonni ce kawai, in ta ƙare takan taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ruɗewa, gani biyu-biyu, tangaɗi ko mutuwar ƙafa bayan kwanaki ana amai, abin gaggawa ne. Duk inda ka je, ka fara gaya musu an yi maka tiyatar rage ƙiba, da irinta, da ranar.

Mutanen gida da sikeli

Za ka ga ana cin abin da kake so a gabanka, ranka ya biya alhali cikinka a ƙoshe yake. Wannan kwaɗayin ido ne da sabo, kuma ba abin kunya ba ne, shekaru aka yi ana gina shi. Za a kuma sami mai ƙaunarka da zai dubi farantinka tausayi ya kama shi, ya ce ɗan taɓa wannan mana, loma ɗaya ba ta komai. Yi masa bayani tun wuri cewa loma ɗayar ce matsalar, ka nuna masa takardar asibiti in ta kama. Wanda ke dafa maka ya karanta ta shi ma. In damuwa ta yi yawa har tana hana ka barci ko ci, faɗa wa masu kula da kai, ɓangare ne na jinyar.

A daidai wannan lokaci, wajen mako na 3, nauyi yakan tsaya cak na wasu kwanaki. Jiki ne yake daidaita ruwansa, ba tiyatar ce ta gaza ba. Kada ka rage ɗan abincin da kake ci saboda sikeli, kuma hawa shi sau ɗaya a mako ya wadatar.

In kwanakin sun cika, kana cinye awonka ba ciwo ba amai, furotin da ruwa suna kaiwa, likita ko masanin abinci zai ba ka izinin komawa abinci mai laushi, wanda cokali mai yatsu yake dagargazawa ba tare da an sa ƙarfi ba. Shi ma ba a shiga shi gaba ɗaya. Fara da ci ɗaya a rana, misali turararren kifi da aka ɓare, ana tauna kowace loma har ta koma kamar markaɗen kafin a haɗiye, sauran cin kuma su tsaya yadda suke. In ya zauna kwana 2, a ƙara na biyu. Ka bar wasu daga cikin daskararrun ƙwayoyin markaɗen nan a firiza, domin za a sami ranar da tumbi zai ƙi sabon abu, ka bukaci komawa markaɗe na wuni ɗaya ko biyu.